Ƙullin Nemesio

A Hermosillo rana ba ta sallama,
sara kawai take yi.
Ƙarfe goma kwalta ta fara laushi,
ga ni da cuku kwando biyu a kujerar baya,
na Ures, fari tas, naɗe da ƙyalle,
yana gumi kamar wanda ake bi bashi.

In motar na gudu, lafiya lau,
sanyi har tsikar jiki ta tashi.
Da na tsaya a danja
sai ta huro mini numfashin tanda,
allurar zafi ta miƙe
tana hawa kamar tsohuwa a kan tsani,
ta nufi jan layi.

Sau biyu aka ɗura mini gas.
Sau biyu na biya har da godiya.
Kuɗina ne kaɗai suka sha iska.

Aniceto Buitimea bai ko kalli tukunyar gas ba.
Ya ɗaga bonet, ya tokare da guntun katako,
ya ce, "Tayar da ita, Herlinda. Kunna sanyin."
Kwamfaresa ta yi ƙat, ta kama.
Ya nuna bayan lagireto da baki:
fanka tsaye cik, ƙura kwance a fikafikanta.

"A kan hanya iska ke yi mata aikin.
A danja ba mai rufa mata asiri."

Ya zare fiyus, ya ɗaga shi ga rana:
zaren ciki bai tsinke ba.
Ya musanya rilen fanka da na hon,
ya ce in danna. Hon ya tsala ihu,
karen gareji ya tashi a fusace,
fanka ko gezau.
Sai ya jawo waya biyu daga batir kai tsaye,
ya ɗan taɓa mata,
ta zabura! Ta watsa ƙura
har cikin gashin bakinsa.
"Da ranta," in ji shi. "Saƙo ne ba ya isa."

Daga nan ba magana.
Ya kwanta a kwali, yana bin waya da yatsa
taƙi bayan taƙi,
kamar mai laluben ƙaya a ƙafar yaro,
ƙarƙashin batir, bayan fitila,
har ya tsaya.

Ƙulli ne. Shuɗin salatif, naɗi uku,
an lanƙwashe bakinsa don sauƙin warwarewa.
Na san wannan hannun.
Yana kan wayar dutsen gugata,
yana kan rediyo, da ƙotar guduma.
Nemesio ke lanƙwasa baki haka
yana cewa, "Na wucin gadi ne, Asabar zan gyara."
Asabar ɗari biyu ta wuce ta kan kabarinsa.

Aniceto ya warware.
Tagullar ta koma koriya, ta marmashe a tafinsa.
Sili ɗaya, siriri kamar gashi,
shi ya riƙe shekara huɗu
kafin ya gaji.

Ya yanke, ya fere, ya haɗa da dalma.
Na murɗa makulli. Fanka ta amsa da kanta,
allura ta sauko ta zauna tsakiya
kamar ba ita ba.

Peso ɗari da hamsin ya ce.
Na ƙara masa da cuku guda, wanda ya fi yin gumi.
Ya ɗaga hannu zai jefa salatif a shara,
na ce, "Ba ni."
Bai tambaya ba. Ya goge a wando, ya miƙo.

A danjar farko na tsaya.
Ja ta daɗe.
Sanyi na zuba a wuyana,
fanka na gunji can ƙarƙashin bonet,
ɗan shuɗin abu na manne a sitiyari
daidai inda babban yatsana ke hutawa.
Sai da na bayana ya danna hon sau biyu
na lura koriya ta kawo.